Tag ko Tirakar GPS: Wanne Matafiyi Zai Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin raka mahaifiyata Umara, kuma ina da mota da direba ke ɗauko mini kaya tsakanin Kano da Maraɗi. Na shiga kasuwar waya, wani mai shago ya nuna mini AirTag ya ce shi ma GPS ne, ga shi babu kuɗin wata. Wani kuma ya ce in sa tiraka mai layi. Wayata Tecno ce. Wanne ya kamata in saya saboda jakunkunanmu, da motar, da kuma ita Hajiya don gudun ɓacewa a cunkoso?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya karɓi ibada, ya saka maka da alheri kan hidimar Hajiya.

Mai shagon da ya ce maka AirTag GPS ne, ko dai bai sani ba, ko kuma so yake ciniki ya faɗa. Babu GPS a cikin AirTag, babu layin waya, kuma shi kansa bai san inda yake ba. Ban da haka ma, tunda Tecno ce a hannunka, ba za ka iya haɗa shi ba sam, domin sai da iPhone ko iPad ake yi masa rajista. To ka ga wannan ya fita tun kafin a fara zancen kuɗi. Amma tambayarka ta wuce AirTag. Abubuwa uku ka lissafa, kuma babu na'ura ɗaya da za ta yi maka aikinsu duka, don haka sai ka gane yadda kowacce take samun labarin da take kawo maka.

Tag ɗan ƙaramin abu ne mai batir irin na agogo, wanda ake kira CR2032, yana kai kusan shekara kafin a canza. Aikinsa ɗaya ne tak: yana ta fitar da siginar Bluetooth wadda ba ta wuce 'yan gomman mitoci. Idan wayar wani mutum ta gifta kusa da shi, kuma wayar tana cikin rukunin kamfanin da tag ɗin yake, sai ta ji siginar, ta duba inda ita kanta take, ta tura wurin zuwa ga kamfanin cikin sirri, kai kuma ka gani a taswirar wayarka. Mai wayar bai san an yi ba, kai ma ba ka san ko wane ne ba. Kamar mutumin da ya tsaya a bakin titi da saƙo a hannu ne: in mota ta biyo, saƙo ya tafi, in babu mota, yana nan tsaye har dare. Shi ya sa babu kuɗin wata, domin da datar mutane yake aiki, ba da taka ba.

Saboda haka ƙarfin tag ba a jikinsa yake ba, yana ga yawan wayoyin da za su iya jin sa a wurin da kayan ya ɓace. Apple ya fito da AirTag a watan Afrilun 2021, kuma wayoyin iPhone ne ke ɗaukar masa saƙo. Samsung yana da SmartTag, wanda ba ya aiki sai da wayar Galaxy, kuma wayoyin Galaxy ne kaɗai ke jin sa. Tile ya riga su duka fitowa, yana aiki da kowace irin waya, amma sai wayar da aka sauke manhajarsa ko ta Life360, kamfanin da ya mallake shi, a ciki take taimaka masa, kuma a ƙasashenmu irin waɗannan mutane ba su taka kara sun karya ba. Wanda ya shafe ka shi ne na Google, wanda aka buɗe a watan Afrilun 2024 da sunan Find My Device, daga baya aka mayar da shi Find Hub. Kamfanoni irin su Chipolo da Pebblebee da Motorola suna yin tag ɗin da ke hawa kansa, kuma yana buƙatar Android 9 zuwa sama. A tunani za ka ce ai shi ne zai fi kowa ƙarfi a Kano ko Damagaram, tunda Tecno da Infinix da itel sun cika gari. Sai dai akwai wani tarnaƙi: Google ya saita shi ta yadda yawancin wayoyi ba sa ba da rahoto su kaɗai, sai an samu wayoyi da dama sun ji tag ɗin a wuri guda, wai don kare sirrin mutane. Ga kuma halinmu na kashe data da Bluetooth da nuna wuri don adana caji. Wayar da aka kashe wa waɗannan ba ta da wani amfani ga tag ɗinka ko da ta kwana kusa da shi.

Ka yi hattara da wasu 'yan ƙanana masu arha da suka cika kasuwa, waɗanda ake rataya wa makulli. Su ba su da wani rukuni da suke hawa. Da wayarka kaɗai suke magana, da zarar kun yi nisa da juna shi ke nan. Ka duba kwalin, in ba a rubuta cewa yana aiki da Find Hub ko Find My Device na Google ba, mayar masa da kayansa.

Ita kuwa tirakar GPS kamar tana da kunne biyu ne. Na farko yana sauraren taurarin ɗan Adam da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa. Idan ta ji aƙalla huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda take, kuma a fili kuskurenta ba ya wuce 'yan mitoci. Na zamani ba taurarin GPS na Amurka kaɗai suke ji ba, har da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin. Amma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: tauraron ba ya karɓar komai daga tiraka. Magana yake yi, ba ya saurare. Don haka bayan ta san inda take, sai ta nemi hanyar gaya maka, kuma hanyar, wato kunnen na biyu, ita ce layin waya da aka saka mata, MTN ko Airtel ko Glo, kamar dai kowace waya. In babu sabis, ta san inda take sarai amma ba ta da bakin faɗa. Masu kyau suna adana wuraren da suka bi a ƙwaƙwalwarsu, da zarar sabis ya dawo su turo gaba ɗaya.

To yanzu mu ɗauki kayanka ɗaya bayan ɗaya.

Jakunkuna dai tag ne maganinsu, babu wata tantama. Filin jirgin Jidda, da na Madina, da na Alƙahira ko Addis Ababa ko Istanbul in za ku yada zango, wurare ne da wayoyi suke cike maƙil dare da rana, har ma'aikatan da ke loda kaya suna ɗauke da nasu. Nan ne gidan tag. Kuma amfaninsa a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban bel ɗin kaya har ya daina juyawa. Maimakon ka tsaya ana ce maka ka dawo gobe, sai ka nuna wa ma'aikaci cewa ga jakar can ba ta ma baro filin da kuka canza jirgi ba. Mahajjatanmu ma sun fi kowa buƙatarsa, tunda hukumomin alhazai kan raba jakunkuna iri ɗaya, launi ɗaya, sai mutum ya ɗauki ta wani da zuciya ɗaya ya wuce masauki. Masu iPhone sun samu ƙari tun ƙarshen 2024, inda za su iya tura wa kamfanin jirgi wani adireshi na wucin gadi da ke nuna inda jakar take, kuma kamfanoni irin su Turkish Airlines da British Airways da Lufthansa suna karɓa a tsarinsu na neman kaya.

Kada ka saka tirakar GPS a jakar da za a auna a kai cikin jirgi. Dokar sufurin sama ta yarda na'urar bin sawu ta zauna a kunne a cikin kayan awo ne kawai idan batirinta ƙarami ne ƙwarai: sinadarin litiyam bai wuce giram 0.3 ba, ko kuma in mai caji ne bai wuce Wh 2.7 ba a ma'aunin ƙarfin batir. Batirin tag yana ƙasa da haka. Amma tiraka mai batir 5,000mAh ta kai kusan Wh 18, ka ga ta ninka iyakar sau da yawa, ga kuma layin waya a kunne. Dole a kashe ta, in kuwa an kashe ta me ya rage? An taɓa yin ruɗani a 2022 lokacin da aka ji Lufthansa zai hana AirTag, amma cikin 'yan kwanaki kamfanin ya fito ya ce an yarda da shi. Wurin sakawa kuma, ka cusa shi can cikin shafin jakar ko aljihun ciki, ba a rataye a hannu ba inda zai tsinke ko a cire.

Motar ce take buƙatar dogon bayani, domin nan ne dukiyarka da ran direbanka suke. A nan tag ba zai yi maka komai ba. Daga Katsina zuwa Jibiya, ka tsallaka Ɗan Isa ka nufi Maraɗi, wayoyi nawa ne masu data a kunne za su gifta kusa da motar a daidai lokacin da kake buƙata? Za ka iya buɗe taswira ka ga an ce an gan ta awa uku da suka wuce, alhali mota tana cin kilomita 80 a awa guda. Sannan akwai babbar matsala da masu shago ba sa faɗa: an gina tag ne don kayan da ya ɓata, ba don wanda aka sace ba. Saboda mutanen banza sun riƙa amfani da shi suna bin mata da waɗanda suke da jiƙaƙƙa da su, Apple da Google suka haɗa kai a 2024 suka sa wayoyi su riƙa faɗakar da mutum idan tag ɗin da ba nasa ba yana tafiya tare da shi. AirTag ma da kansa yana fara ƙara idan ya rabu da mai shi tsakanin awa 8 zuwa 24. Wato ɓarawon da ya ɗauki motarka, wayarsa ce za ta tsegunta masa cewa ana bin sa, har ta taimaka masa ya gano inda abin yake ɓoye.

Mota tana son tiraka mai wayarin, wadda ake jonawa da batirin motar, kuma tana da ɗan batirinta na ciki da zai riƙe ta idan an cire na motar, ta kuma turo maka saƙo nan take cewa an yanke mata wuta. Irin su Teltonika na ƙasar Lituweniya, da Concox da Coban da SinoTrack na Sin, duk ana samun su a kasuwanninmu. Za ka ga motsin motar duk bayan 'yan daƙiƙu, da gudun da direba ke yi, da inda ya tsaya da tsawon tsayuwar. Za ka iya shata mata iyaka a taswira, in ta fita ka samu saƙo. Mafi yawan ribar da 'yan kasuwa ke samu ma ba ta fuskar sata ba ce, ta fuskar mai ce da lodin gefe da direbobi kan yi a hanya.

Amma tiraka kamar kiwo take, tana son kulawa, kuma yawancin waɗanda ake kawo mini ana cewa sun lalace lafiyarsu ƙalau, layin ne ya mutu. Mutum ya sa layi ya manta da shi, data ta ƙare, wata da watanni ba a saka masa ko sisi ba, kamfani ya rufe shi, wani lokaci har ya sayar da lambar ga wani. Ko kuma mai wayarin ya yi rajistar layin da sunansa, ranar da aka toshe shi saboda batun NIN ba ka da ta cewa. Ka yi rajista da sunanka da NIN ɗinka, ka rubuta lambar a wuri mai kyau, ka sa ranar sabunta data a kalandarka. Ba ta cin data da yawa, 'yan gomman megabayit ne a wata, mantuwa ce ke kashe ta.

Tunda motarka tana tsallaka iyaka, ga abin da ya fi shafarka. Datar da ka saya a Najeriya ba ta aiki a Nijar. Da motar ta wuce inda sabis ɗin Najeriya yake kaiwa, tirakar za ta yi shiru har sai ta dawo, sai fa in an buɗe wa layin damar yawo a ƙasar waje kuma akwai kuɗi a ciki. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi kamfanin da ke ba da layin na'urori mai hawa kan kamfanoni da yawa a ƙasashen biyu, ka kuma sa su rubuta maka cewa Nijar tana ciki, ba da fatar baki ba. Ka tambaya kuma ko tirakar 2G ce zalla ko tana da 4G. Masu arha yawanci 2G ne, kuma a yankinmu har yanzu suna aiki, a wasu ƙauyukan ma 2G ɗin ne kaɗai ake samu. Amma ƙasashe irin su Singafo da Ostareliya sun rufe 2G tuntuni, kuma duniya can ta dosa. Wadda ta haɗa biyun ita ce ta hankali.

Abu biyu nake so ka tsaya a kansu ranar da za a saka. Na farko lambar sirri. Da yawa daga cikin na'urorin nan suna zuwa da 123456, kuma mutane ba sa canzawa. A 2022 masu binciken tsaro na kamfanin BitSight sun fallasa yadda za a iya kutsawa cikin wata tiraka mai suna MiCODUS MV720, a ga inda mota take har a kashe mata mai daga nesa, har hukumar tsaron intanet ta Amurka ta fitar da gargaɗi. Abin da ka saya don tsaro kada ya zama shi ne mai nuna wa mugu hanyar da kayanka ke bi. Ka canza lambar da hannunka bayan mai wayarin ya gama, kuma ka san su wane ne ke da damar shiga. Na biyu batun kashe mota daga waya. Ana haɗa wani ɗan makunni da famfon mai, in ka tura umarni ya yanke. Yana da amfani, amma kashe mota tana tsaka da gudu a babban titi kisa ne, wataƙila ma direbanka yana ciki. Masu kyau ba sa amsa umarnin sai gudu ya sauka ƙasa sosai, ka tabbatar taka haka take. Wurin ɓoyewa kuma, ɓarayin mota sun san ƙarƙashin sitiyari da bayan rediyo kamar yunwar cikinsu, nan suke fara dubawa. Wanda motarsa ke ɗauke da kaya masu tsada, gara ya ƙara ta biyu mai batirin kanta a wani lungu daban, a saita ta riƙa magana sau ɗaya ko biyu a yini don cajinta ya daɗe.

Kuma gaskiya ɗaya ce, dole in faɗa maka: tiraka ba ta ceton kowa. A watan Satumban 2021 an rufe sabis ɗin waya a jihar Zamfara baki ɗaya, aka biyo da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, kuma duk tirakar da ta shiga yankunan nan a lokacin ta zama bebiya. Ko ba a rufe ba, dazuzzukan da ake shiga da mutane da motoci galibi babu sabis, wasu ɓarayin kuma suna da na'urar toshe sigina. Abin da za ta ba ka tabbas shi ne wuri na ƙarshe da lokaci na ƙarshe, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga jami'an tsaro. Su za ka kai wa, ta ofishin 'yan sanda ko lambar gaggawa 112, in haɗari ne kuma 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Kada ganin ɗigo a taswira ya sa ka kwashi 'yan'uwa ku bi sawu da kanku. Masu ratsa sahara ta Agadas zuwa Dirku su kam layin waya ba nasu ba ne, sai na'urar da ke tura saƙo ta tauraro kai tsaye irin Garmin inReach, wadda ke hawa kan taurarin kamfanin Iridium. Tana da tsada, kuma ƙasashe da dama suna hukunta mai shiga da ita ba izini, Indiya na cikinsu. Kai ba ka buƙatarta.

Sai maganar Hajiya. Na fahimci damuwarka, domin tsoho in ya ɓace a Harami hankalin kowa tashi yake. Amma tag ba ya nuna motsi nan take. Zai ce maka an gan ta minti biyar ko goma da suka wuce, kuma a cikin masallaci mai hawa-hawa ba zai bambance maka tana ƙasa wajen ɗawafi ko tana bene ba, don wayar da ta ba da rahoton ita ma ba ta ganin tauraro da kyau a ƙarƙashin rufi. Tirakar GPS ta aljihu ita ma wannan matsalar take da ita a cikin gini, ga caji kullum, ga neman layin da zai yi aiki a Saudiyya. Abin da ya fi duka shi ne waya a hannunta da layin can, STC ko Mobily ko Zain, a kunna mata raba wuri ta Google Maps zuwa wayarka, wanda za a iya barin sa a buɗe har sai an kashe. Na WhatsApp ba ya wuce awa 8, sai an sabunta. Fifikon waya shi ne za ka iya kira, in ita ta rikice wani bawan Allah ya ɗauka ya gaya maka inda take. Ka haɗa mata da katin otal da lambarka a rubuce cikin jakar ratayenta, ku kuma tsayar da wurin haɗuwa tun ranar farko, misali Ƙofar Sarki Fahad mai lamba 79, ka kai ta ta gan ta da idonta. Bayan wannan, in ka jefa tag a jakar ratayen da fasfo yake ciki, ƙari ne mai kyau, musamman ranar da cajin wayar ya ƙare.

Sai dai ka gaya mata, kada ka saka a ɓoye. Haka ma direban, ya san akwai tiraka a motar ko da bai san inda take ba. Sanin ma kan gyara masa tuƙi. Bin sawun mutum ba da saninsa ba leƙen asiri ne, kuma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana shi ƙarara. Ina yawan samun masu zuwa da zancen mota, in an zauna sai ka tarar jakar matarsu suke son saka wa. Wannan aikin ba na karɓarsa.

Kafin ku tashi da kamar mako biyu, ka sayi tag ɗin ka haɗa da wayarka, ka ba wani yaro ya shiga da shi Kantin Kwari ko Sabon Gari ya yini, kai kana gida kana duba sau nawa yake sabunta wuri. In a tsakiyar kasuwa ma bai motsa ba, akwai matsala a saitin ko a kayan, kuma kana da lokacin mayarwa. Tirakar motar kuma ka bi tafiyarta ta farko daga Kano har Maraɗi da dawowa, ka rubuta wuraren da take yin shiru da tsawon shirun. Ranar da ta yi shiru a inda ba ta saba ba, ko ta wuce lokacin da ta saba, a nan ne za ka ɗaga waya ka kira direba.